Shanun Da Ba Su Da Tozo: Tarihin Binciken Zanen Duwatsun Birnin Kudu

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san ba ƙasar dutse ba ce. Tun daga inda kogi ya wuce Wudil ya miƙa gabas ta Ringim, har ya iso Haɗeja ya bazu cikin fadamun da suka nausa Nguru da Gashuwa, abin da ido ke gani shi ne jigawa da fadama, rairayi da laka. Masana ilmin ƙasa sun bayyana dalili, watau a wannan shiyya ne tsohon dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar Kano ya nutse, yashi da laka na kwarin Chadi suka binne shi. Da rani, idan ruwa ya janye, sai garkunan Fulani su cika fadamun nan, farare da jajaye, kowace saniya da tozonta a gadon baya.

To amma in aka bar Haɗeja aka yi kudu maso yamma har Birnin Kudu, inda duwatsu suka sake ɓullowa, akwai waɗansu shanu da aka zana a jikin koguna da ƙarƙashin manyan duwatsu, waɗanda ba su da tozo ko kaɗan. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin yadda aka yi ƙoƙarin sanin asalin wannan zane da shekarunsa ta hanyar kimiyya, da tarihin mutumin da ya fara wannan ƙoƙari, Bernard Fagg, sa'an nan a duba inda binciken ya tsaya da abin da ya tsayar da shi.

Fannin Binciken Jikin Zane

Masanin tarihin zane na gargajiya da ido yake aiki. Yakan dubi salo da siffa, ya kwatanta wannan da wancan, ya yanke hukunci. Akwai kuma wani fanni da ke barin siffa ya tambayi jikin zanen kansa: da me aka yi launin, da me aka kwaɓa shi, a kan me aka shafa shi, wane shafi ne ya riga wani. Wannan fanni a gidajen tarihi na Turai da Amurka ya girma. A 1888 aka kafa ɗakin binciken sinadarai a gidajen tarihi na Balin a ƙarƙashin Friedrich Rathgen. A 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken nan da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, ba a kuwa daɗe ba aka fara haska zane da shi don a ga abin da mai zane ya fara yi ya shafe. Gidan tarihi na Fogg a Jami'ar Habad ya buɗe sashen irin wannan bincike a 1928.

Abin da ya fito da martabar fannin a idon duniya shi ne shari'ar Han van Meegeren a ƙasar Holan. A 1937 Abraham Bredius, wanda ake ganin babu kamarsa wajen sanin aikin Vermeer, mai zanen ƙarni na 17, ya dubi wani zane ya tabbatar cewa na Vermeer ne, har gidan tarihi na Rotadam ya saye shi da kuɗi masu yawa. Bayan yaƙi, a 1945, aka kama van Meegeren da laifin sayar wa Göring dukiyar ƙasa, sai ya ce ai ba dukiyar ƙasa ba ce, shi ya zana da hannunsa. Kwamitin da Paul Coremans ya shugabanta ya binciki launin, ya tarar an kwaɓa shi da wani ƙaron roba wanda sai a ƙarni na 20 aka ƙirƙiro shi. Idon gwani ya ruɗu, awon sinadari ne ya raba gardama. Wannan labari ya isa a matsayin shimfiɗa, domin matsalar Birnin Kudu ita ce dai wannan: ido yana iya kintace, amma ba ya iya rantsuwa.

Fagg Kafin Birnin Kudu

An haifi Bernard Fagg a Landan a 1915. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya zo Nijeriya a 1939 a matsayin jami'in mulki, aka tura shi Jos. Ba a ɗauke shi aikin kufai ba, domin a lokacin babu irin wannan aiki a gwamnati. A lokacin hutunsa yake bin ramukan kuza yana tattara abin da leburori suka tono. A 1944 ya haƙa kogon Rop a kan tsaunin Jos. A daidai wannan zamani ne aka kawo masa wani kan mutum na ƙonanniyar laka daga Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya ɗora wa mutum-mutumi a gonar doya don korar tsuntsaye. Fagg ya lura kan ya yi kama da wani da aka tono a ƙauyen Nok tun 1928, daga nan sunan al'adar Nok ya samo asali.

A 1947 aka mayar da shi sashen kayan tarihi a ƙarƙashin Kenneth Murray. Ya gina gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, ya kuma gaji Murray a shugabancin sashen a 1957. Yayansa William Fagg yana gidan tarihi na Biritaniya yana nazarin sassaƙar Afirka da ido da kwatance. Shi kuwa Bernard ya fi karkata ga tambayar shekaru da kayan aiki. Ya kamata a riƙe wannan, domin shi ne ya bambanta abin da ya yi a Birnin Kudu da abin da baƙo mai yawon buɗe ido zai yi.

Abin Da Ke Jikin Duwatsun

A farkon shekarun 1950 labarin zanen ya kai ga hukuma. Littattafai sukan ce a lokacin ne aka "gano" shi, amma wannan magana tana bukatar gyara. Duwatsun suna da sunayensu na Hausa tun kafin wani Bature ya taka wurin: Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu, Dutsen Zango. Yara suna wasa a cikinsu, makiyaya suna fakewa. Abin da ya faru a shekarun 1950 shi ne shigar zanen cikin rubutu.

Mafi yawan abin da aka zana shanu ne, akasari da jan launi, waɗansu an cike jikinsu, waɗansu kuwa iyakar zagayen jiki aka ja. Fagg ya rarrabe iri biyu, masu dogon jiki da dogayen ƙahoni, da gajeru masu gajerun ƙahoni. Dukkansu babu mai tozo.

Yana cikin wannan aiki a 1955 sai ya lura da wani abu dabam. A kusa da zanen akwai duwatsu masu 'yan gurabe a jikinsu, sun yi sumul saboda yawan bugu, in aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su ba da amo kamar kuge, kowane gurbi da muryarsa. Ya ba da labarin waɗannan kugen dutse a mujallar Man a 1956, ya kuma gabatar da maƙala a kan zanen da kugen a taron masana tarihin farko na Afirka karo na uku, wanda aka yi a Libinston a 1955, aka buga a 1957. A cikin bayaninsa ya kawo wata al'ada ta garin, cewa amare sukan je gindin dutse tare da ƙawayensu a lokacin biki, ana buga kugen ana waƙa. Ga ɗalibin adabin baka wannan ita ce jimla mafi tsada a cikin rahoton duka, ita ce kuma wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. An auna duwatsu, an ɗauki hoton shanu, amma waƙoƙin 'yan matan nan, waɗanda su ne kaɗai muryar ɗan Adam da ta rage a wurin, ba su sami irin wannan kula ba. Masanin kufai ba shi da kunnen wannan aiki, masana Hausa kuwa a lokacin hankalinsu yana kan nahawu da ƙamus.

Tambayar Shekaru

Da me Fagg zai auna shekarun zanen a 1955? Hanyar farko ita ce duban wane zane ya hau kan wane. Wannan yakan nuna wanda ya riga, amma ba ya nuna ko tazarar kwana bakwai ce ko shekara ɗari bakwai. Hanya ta biyu ita ce haƙa ƙasar da ke gindin zanen. Ita ma tana da rauni, domin tsingaro ko ƙarfe ko gatarin dutse da aka tono a ƙasan kogo shaida ce cewa mutane sun zauna a wurin, ba shaida ba ce cewa su ne suka yi zanen da ke saman kansu. Ko da an sami guntun jan dutse da aka goga, sai an gwada sinadarinsa da na jikin bango kafin a ce shi ne.

Saura hanya ta uku, watau shanun kansu, kuma a nan ne maganar ta fi daɗi ta kuma fi haɗari. Shanun da suka fara shigowa Afirka ta Yamma daga Sahara marasa tozo ne. Masu tozo, waɗanda asalinsu ƙasar Indiya ne, daga baya suka yaɗu. Har yanzu akwai ragowar na farkon. A bakin tafkin Chadi, can inda ruwan Haɗeja da na Jama'are ke ƙarewa bayan sun zama Komadugu Yobe, akwai shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni, ba su da tozo. Akwai kuma muturu, gajeren sa mai jure sammore, wanda ya rage a kurmi da waɗansu duwatsu. Kasancewar Hausa tana da suna na musamman ga dabbar da yau Bakano ko Bahaɗeje zai tsufa bai taɓa gani ba, shi kansa abin lura ne. Hujjar dai ita ce: tun da mai zanen bai zana tozo ba, lalle ya rayu kafin shanu masu tozo su mamaye ƙasar.

To yaushe ne suka mamaye? A nan mutane da yawa sukan yi saurin ɗauko Tarihin Kano, inda aka ambaci zuwan Fulani daga Mali a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, su ce ke nan zanen ya girmi ƙarni na 15. Wannan gaggawa ce. Na farko, Fulanin da littafin ya ambata malamai ne da suka zo da littattafai, bai yi maganar garke ba. Na biyu, babu dalilin ɗauka cewa Fulani ne suka fara kawo sa mai tozo. Binciken da Carlos Magnavita ya buga a 2006 ya nuna alamun irin wannan sa a kwarin Chadi tun cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, shigowar sabon iri ba ya nufin ɓacewar tsoho. Mutanen dutse suna iya riƙe muturunsu ɗaruruwan shekaru alhali masu tozo suna kiwo a fili ƙasa da su, kamar yadda ya faru a duwatsun Mandara. Daɗin daɗawa, mai zane ba mai ɗaukar hoto ba ne, yana iya zana abin da ya gada a wurin kakanninsa, ba abin da ke gabansa ba. Saboda haka rashin tozo yana nuna tsufa, amma bai faɗi lamba ba.

Akwai kuma gargaɗi daga gabas. A 1962 James Vaughan ya ba da labarin Margi, inda ya tarar samari suna yin zane da jan launi a jikin dutse a cikin al'adun shiga sahun manya kafin aure, a zamanin da yake zaune tare da su. Ke nan zanen dutse a Nijeriya ba lalle ne ya zama na zamanin da ba a san ƙarfe ba. Zanen Geji a ƙasar Bauchi, wanda Hamo Sassoon ya bayyana a 1960, har doki akwai a cikinsa. Abin sha'awa kuma shi ne yadda aure da dutse mai amo da zane suka haɗu a Margi kamar yadda suka haɗu a Birnin Kudu, ko da yake kamanni ba dangantaka ba ne sai an tabbatar.

Me Ya Hana Awon Kabon?

Mai karatu zai ce, ai a lokacin an riga an san awon kabon. Haka ne. Willard Libby ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940, ya sami kyautar Nobel a kanta a 1960. Asalinta shi ne duk mai rai, itace ko dabba, yana ɗaukar wani nau'in kabon daga iska, in ya mutu sai wannan nau'i ya riƙa raguwa, rabinsa yana tafiya a cikin shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage sai a san lokacin mutuwa.

Matsala biyu ce. Ta farko, na'urorin wancan zamani sai an ba su gawayi mai yawa, wanda in za a kankaro shi daga bango sai an shafe zanen gaba ɗaya. Wannan ta kau daga 1977, da aka fito da hanyar ƙirga ƙwayoyin kabon ɗin kai tsaye, wadda ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba ya ishe ta. Da ita aka auna zanen kogon Chauvet na Faransa, wanda aka gano a 1994, aka sami kimanin shekara 36,000. Amma zanen Chauvet da gawayi aka yi shi. Matsala ta biyu ke nan, wadda ba ta kau ba: jan launi irin na koya tsatsar ƙarfe ce, ma'adini ne, bai taɓa rayuwa ba balle ya mutu. Abin da za a iya aunawa a cikinsa shi ne abin kwaɓi, in mai ne ko ƙaro ko jini ko madara, shi kuwa rana da ruwa da ƙananan halittu sukan cinye shi, su bar nasu kabon a madadinsa. Har ila yau wani siririn ɓawo yakan taru a fuskar dutse, mai ɗauke da kabon na wani zamani dabam, wanda in ya gauraya da launin sai lissafi ya ɓaci.

Yadda aka shawo kan wannan a kudancin Afirka darasi ne. Adelphine Bonneau da David Pearce da abokan aikinsu ba su fara da awon shekaru ba. Sun fara da tantance sinadarin kowane launi, suka ware baƙin da aka yi da gawayi ko kunkunniya daga baƙin ma'adini, suka wanke ɓawon da ruwan tsami, sa'an nan suka auna. Sakamakon da suka buga a 2017 ya nuna waɗansu zane a Botsuwana sun haura shekara 5,000. Watau sanin kayan aiki shi ne ƙofa, lamba daga baya take zuwa.

Ba kuma kowane bincike ne alheri ga zane ba. Ayarin Henri Lhote da ya kwafi zanen Tassili a Aljeriya daga 1956 ya riƙa jiƙa bango da soso don launi ya fito, abin da ya dusashe zane da yawa. Kogon Lascaux kuwa numfashin 'yan kallo ne ya sa aka rufe shi a 1963. Wanda ya watsa wa sa na Dutsen Mesa ruwa don hotonsa ya yi kyau, ya yi masa ɓarnar da damina ɗari ba ta yi ba.

Shaidar Fadama

Abin mamaki, ƙasar da ba ta da dutse ita ce ta ba da lambobin da dutse ya hana. A 1987, shekarar da Fagg ya rasu, wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana a cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a zurfin kimanin mita 5. Peter Breunig na Jami'ar Farankfot da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci fito da shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, awon kabon kuma ya ba shi kimanin shekara 8,000. Laka mai ruwa ce ta adana shi. A Gajiganna, arewa da Maiduguri, an tono ƙasusuwan shanu da 'yan gumakan shanu na laka na mutanen da suka zauna tun wajen shekara 1,800 kafin haihuwar Annabi Isa. A Daima, wadda Graham Connah ya haƙa a tsakiyar shekarun 1960, an sami irin waɗannan gumaka shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace shimfiɗa da gawayin da za a auna.

Amfanin wannan ga Birnin Kudu a fili yake. Gunkin laka da aka san shekarunsa yana nuna lokacin da tozo ya fara bayyana a hannun masu ƙira, ta haka sai hujjar shanu ta tashi daga kintace ta sami ma'auni. Amma duk waɗannan wurare suna gabas ne. Tsakanin Daima da Birnin Kudu akwai fadamar Haɗeja, hanyar ruwa da ciyawa wadda makiyayi mai tahowa daga Chadi zai bi, mai tsofaffin garuruwa irin su Auyo da Garun Gabas da suka girmi Haɗeja ta yanzu. A ra'ayin da ya fi ƙarfi, amsar tambayar Dutsen Mesa tana iya kasancewa a binne a kufan waɗannan garuruwa. Lokaci kuwa ba ya jira, domin tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliya ya sauya, itacen da laka ta riƙe dubban shekaru kuwa in ƙasa ta bushe 'yan shekaru kaɗan suka ishe shi ruɓewa.

Oksfod Da Abin Da Aka Bari A Gida

A 1963 Fagg ya bar Nijeriya ya zama shugaban gidan tarihi na Pitt Rivers a Jami'ar Oksfod. A can ya sami abin da babu a Jos, watau ɗakin binciken kimiyya na kufai da tarihin zane wanda jami'ar ta kafa a 1955. Ya ci gaba da dawowa yana haƙa Taruga, kusa da Abuja, inda aka sami matoyar ƙarfe ta ƙarnonin ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. A 1970 shi da Stuart Fleming suka buga sakamakon auna wani gunkin Nok ta hanyar ɗan hasken da ƙonanniyar laka ke fitarwa in an sake zafafa ta, wanda yawansa ke nuna tsawon lokacin da ta yi tun barinta wuta. Ciwon shanyewar jiki ya rage masa ƙarfi, ya ajiye aiki a 1975, ya fitar da littafinsa a kan gumakan Nok a 1977. Bayanan kugen dutse kuwa matarsa Catherine ce ta tattara ta buga a 1997, shekara goma bayan rasuwarsa.

In aka auna aikinsa da adalci, za a ga Nok ta ci gajiyar kimiyya, Birnin Kudu kuwa ta sami kariyar doka kawai. An shigar da duwatsun cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, Hukumar Gidajen Tarihi da aka kafa a 1979 ta gaje su. Daga 2013 gidan tarihi na Biritaniya ya shiga adana hotunan zanen duwatsun Afirka kimanin 25,000 a intanet, har da na Nijeriya. Hoto yana da amfani, amma aikin ido ne, ba ya faɗin abin da aka kwaɓa launi da shi. Laifin Fagg, in laifi ne, irin na zamaninsa ne: an gina gidajen ajiya a Nijeriya, ɗakin awo kuwa yana Ingila, saboda haka abin da za a iya sawa a akwati shi ne ya sami bincike. Gunki yana shiga akwati, bangon kogo ba ya shiga. Wannan uzuri yanzu ya faɗi, domin akwai na'urar tantance ma'adini da ake riƙewa a hannu, a haska bango ba tare da an kankare shi ba, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta daɗe tana irin wannan awo a kan ƙasa da ma'adinai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da ya haɗa ilmin sinadari da na tarihi, domin tsarin jami'o'in ƙasar nan yana raba ɗalibi tun daga sakandare, wannan kimiyya, wancan fasaha.

Rabon Masanin Hausa

Mai awo a ɗakin bincike ba ya gane abin da bai san ana yi ba. In na'ura ta nuna masa ƙarfe da wani sinadarin itace, sai wanda ya san sana'ar ƙasar ne zai ce masa wannan bagaruwa ce. A nan harshe yake shigowa. Ban da ja da baƙi da fari, yawancin sunayen launi a Hausa sunayen kayan haɗi ne: shuɗi ɗan'uwan shuni ne da ake samu daga baba, rawaya sunan tsiron da ake rini da saiwarsa ne, haka ruwan toka da ruwan goro da ruwan ƙasa. Dukawa suna da karan dafi, magina suna da makuba da farar ƙasa. Kowace kalma a nan bayanin haɗi ce a taƙaice.

Ƙasar Haɗeja, wadda ba ta da bangon dutse, allo da takarda ne bangonta, ta kuwa yi suna wajen tsangayu da alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da ka. A hannunsu akwai ilmin launi da ba a rubuta ba. Tawadar allo ta gawayi ce ko kunkunniya da ƙaro, don ta wanku. Tawadar takarda, yambari, da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe ake dafa ta, asalinta ɗaya da tsohuwar tawadar Turai, tana kama takarda ba ta wankuwa, in ƙarfen ya yi yawa kuma da daɗewa sai ta huda ta. Wasali da ja ake sa shi, hamza da rawaya, alamar sadarwa da kore. A. D. H. Bivar, wanda ya yi aiki a sashen kayan tarihi a zamanin Fagg, ya bayyana wani Alƙur'ani na Barno mai tarihin 1669 a 1960, amma hankalinsa a kan salon rubutu yake. Sai a 2011 Michaelle Biddle ta buga nazari a kan tawadar littattafan Arewacin Nijeriya, inda ta haɗa bayanin masu haɗa tawada da awon kimiyya. Ita ma takardar tana magana, domin tambarin wata uku da ake gani in an ɗaga ta a haske yana nuna ta masana'antun arewacin Italiya ce, irin ta gidan Galvani, wadda fatake suka riƙa kawowa ta Tarabulus da Masar.

Bambancin tawadar allo da yambari shi ne dai bambancin da Bonneau ta fara nema a bangon Botsuwana, baƙin da ya fito daga wuta da baƙin da ya fito daga ma'adini. Na farkon ana iya auna shekarunsa, na biyun sai an bi ta wata hanya. Alaramma a Haɗeja yakan rarrabe su da yatsa da ɗan yawu.